Abin da Yaya Ya Bari a Cikin Saba

Ɗakin saba ba shi da taga. Ƙofa ɗaya ce, da dogayen fitilu biyu, da na'urar sanyaya ɗaki wadda ba a taɓa kashewa ba tun ranar da aka kafa ta. A tsakiya akwai akwatin ƙarfe mai tsayin mutum, a cikinsa kwamfutar da ke riƙe da shafin ɗakin gwajin jini take. Duk wanda aka ɗebi jininsa a ƙasan bene, wannan shafin yake shiga ta wayarsa ya ga sakamako, ba sai ya dawo bin layi ba. Ita kwamfutar ce ake kira saba.

Shekara goma sha ɗaya mutum biyu ne ke kula da ita, wa da ƙanwa. Shi kowa Yaya yake ce masa, har Manaja da ya ba shi shekaru, don kuwa haka aka ji ƙanwar na kiransa, sunan kuwa ya bi shi. Ita kuma Auta ce, duk da furfura ta fara leƙo mata ta gefen kunne. Wata huɗu kenan da Yaya ya yanke jiki ya faɗi a kan matakalar bene, kafin a kai shi mota rai ya yi halinsa.

Yaya mutum ne da bai yarda da ƙwaƙwalwar kowa ba, har tasa. Duk abin da za a yi nan gaba, sai ya rubuta shi a cikin saba ya sa masa rana, in ranar ta zo layin ya fito a allon Auta da kansa. Yakan rubuta na shekara guda gaba, kuma ba ya rubutawa sai da tsokana. "Auta, batirin ajiyar wuta ya cika shekara biyu. Ki canza, ban da mita." Ko kuma, "Yau a share ƙurar fanka. Na san za ki ce jiya kika share. Ba ki share ba."

Kwana tara bayan rasuwarsa irin wannan layi ya fito mata da safe, tana riƙe da kofin shayi. Kofin bai kai ga tebur ba. Ta san sarai tsohon rubutu ne da ranarsa ta zo, ita ce ma ta fi kowa sanin yadda abin ke aiki, amma sai da ta kifa kai ta yi kuka mai isarta, sannan ta tashi ta share ƙurar fankar.

Dokar aiki ita ce duk wanda ya bar wurin a rufe asusunsa na cikin saba a ranar, a kashe makullinsa na shiga. Manaja ya yi mata maganar sau ɗaya, a tsaye a bakin ƙofa, yana kallon takalminsa. Ta ce za ta yi. Bai sake tayarwa ba, wa zai matsa wa mai makoki? Ita kuwa ta san in ta rufe asusun, tunatarwar za ta tsaya cak. Saboda haka ta bar shi a buɗe, da sunansa da makullinsa da komai.

Akwai kuma abin da bai bar ta ta yi barci ba. Kwana goma kafin ya faɗi, sun yi sa-in-sa a ofishin Manaja. Ana maganar sayen sabuwar saba ne, Auta ta ce a gaban kowa wai tsarin Yaya duk faci ne a kan faci, ba wanda ke gane kansa sai shi, kuma da gangan ya yi haka don kada a iya yi ba da shi ba. Da maganar ta fita ta so ta kamo ta, ina! Yaya ya miƙe. Ya tattara takardunsa ya fita, kuma daga ranar in ba maganar aiki ba, ko gaisuwarta da ka yake amsawa. Ita ma ta sha mur, tana jiran ya fara saukowa. A haka ya tafi.

Suna da wani fayil a cikin sabar da suke bar wa juna bayani in ɗaya zai tashi, littafin miƙa aiki kenan. Bayan mutuwarsa Auta ba ta daina rubutu a ciki ba. Da farko aiki take rubutawa bisa sabo. Daga baya ta koma rubuta abin da ke cinta. Ta ba shi haƙuri ya fi sau ashirin, ta maimaita maganar ofishin Manaja kalma bayan kalma, ta ce ba haka take nufi ba.

A wata na biyu, wata Talata da hantsi, layi ya fito:

"Auta, in kin ga wannan, na san har yanzu kina cin ranki a kan maganar nan ta gaban Manaja. Ki bar shi haka. Ba komai, ƙanwata."

Ta karanta har ta haddace. Ashe cikin kwanakin nan da yake shan ƙamshi ya zauna ya rubuta, ya sa masa rana mai nisa don kada ya faɗa da bakinsa. Shi ne kuwa halinsa, girman kai da taushin zuciya a tukunya ɗaya. Daga ranar ta dawo cin abinci kamar mutum, har masu ɗibar jini a ƙasa suka ce fuskarta ta washe.

To, a gefen akwatin sabar akwai wata ƙaramar na'ura da aikinta shi ne sa ido a kan duk abin da ke shiga da fita ta waya, in ta ga abin da bai kwanta mata ba ta turo gargaɗi. Yaya ya laƙaba mata Kare, don haushinta ba ya ƙarewa. A yini guda takan turo gargaɗi dubu biyu, kusan duka na masu ƙwanƙwasa ƙofa ne daga waje, injinan da ke yawo a intanet suna murɗa kowace ƙofa ko za su dace. Wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya sai ya haukace. Don haka duk haushin da aka san dalilinsa, sai a sa masa takunkumi, ya daina fitowa a allo.

Mako guda bayan saƙon yafiya, wani layin ya fito: "Kare zai fara haushi wai saba na kiran waje. Ni na haɗa, ajiya ce ta biyu a wani wuri. Ki sa masa takunkumi, kada ya cika miki kunne." Washegari kuwa Kare ya fara, daidai yadda aka faɗa. Auta ta yi murmushi, ta ce oh Yaya, har a kabari kana gabana da taku ɗaya. Ta sa takunkumin ba tare da ta buɗe ko gargaɗi guda ba.

Duk shekara akan ɗauko mai duba tsaro daga waje ya yi musu yini ɗaya. Na bana wani dattijo ne siriri mai gilashi a kan karan hanci, wanda ma'aikata suka sa wa Baƙo tun kafin ya gama hawa bene. Da safen ranar, kafin ya iso, Auta ta rubuta a littafin miƙa aiki kamar yadda ta saba: "Yaya, yau an kawo wani ya duba mu. Ka taya ni da addu'a kada ya raina aikinka."

Baƙo ya ƙi shayi, ya ƙi kujera mai taushi, ya jawo ta roba ya zauna a gaban allo. Ta buɗe masa gargaɗin mako, ya ɗan leƙa ya ture.

"Waɗannan ai na gani ko'ina," in ji shi. "Ni ba abin da Karenku ke faɗa nake nema ba, Malama. Nuna min abin da kuka hana shi faɗa."

Ta buɗe jerin takunkumi. Guda goma sha huɗu ne, goma sha uku na Yaya, kowanne da dalilinsa a rubuce. Baƙo ya bi su da yatsa yana gyaɗa kai, har ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Ran Auta ya yi fari. Sai yatsan ya tsaya a na ƙarshe.

"Wannan fa?"

"Ajiya ce ta biyu. Yayana ne ya haɗa."

"Ina take?"

Saƙon bai faɗi wurin ba, ita ma ba ta taɓa bincikawa ba.

Ya cire takunkumin. Gargaɗin wata biyu da aka danne suka zubo a allon, layi bayan layi, duka iri ɗaya. Baƙo ya zaro agogonsa ya ajiye a tebur. Suka zauna. Ba abin da ake ji sai gurnanin fanka. Can layi ɗaya ja ya fito: saba ta kira wani adireshi a waje, ta aika ɗan ƙaramin saƙo, aka amsa mata. Ya duba agogo. Suka ci gaba da zama. Minti goma sha ɗaya cif, wani ya fito. Girmansa ɗaya da na farko, ko harafi bai ƙaru ba. Wasu sha ɗayan, wani kuma.

"Ajiya ba ta yin haka," ya ce a hankali, kamar mai gudun kada akwatin ya ji. "Ajiya takan kwashi kaya sau ɗaya ta yi shiru. Wannan tambaya ce. Duk minti goma sha ɗaya tana tambayar wani, akwai aike? Saba kuwa aikinta a kira ta ta amsa. Ranar da kika ga ita ce ke kira, to akwai mutum a ciki."

Auta ta ƙara jan mayafinta. Shekara goma sha ɗaya tana shiga ɗakin nan, ba ta taɓa jin sanyinsa irin na yau ba. Ta dubi ƙananan fitilun akwatin suna ƙyafta koren idonsu, ta ji kamar an daɗe ana kallonta.

Baƙo ya ci gaba da tono, yana yi yana nuna mata, don ba mai ɓoye sana'a ba ne. A jakar da ake ajiye hotunan takardun likita akwai fayil ɗaya mai sunan hoto wanda ba hoto ba ne. Duk duniya adireshi ɗaya ne ke ziyartarsa, kuma ba kallo yake zuwa yi ba, umarni yake turowa. Ta nan aka shigo, ta tsohuwar kafar da ake ɗora hotuna. Sannan ya nuna mata ma'aunin shige da fice: ranaku uku a cikin watan jiya, abin da ya fita ya ninka na kullum sau ɗari, da tsakar rana, lokacin da cunkoso ya fi yawa don kada a lura. Sakamakon mutane ne, da sunayensu da lambobin wayarsu da cututtukan da ko matansu ba su sani ba.

"Da ɓarawon ya shigo, hannunsa bai kai ko'ina ba," in ji Baƙo. "Sai da ya sami makulli. Wannan asusun na waye? Jiya ma ya shiga, ƙarfe biyu da kwata."

Sunan Yaya ne a allon.

"Ya rasu," in ji Auta. Muryar ba ta yi kama da tata ba. "Wata huɗu."

Baƙo ya cire gilashinsa ya goge, ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, bai yi gaggawa ba. Sannan ya tambaya wa ya ce mata ta sa takunkumin nan. Ta nuna masa jerin tunatarwa, ta yi masa bayanin halin Yaya. Ya karanta, ya buɗe littafin miƙa aiki don ya gwada, idonsa ya faɗa kan rubutunta na watannin nan, ya yi maza ya rufe. Amma ya riga ya gani, ita ma ta san ya gani.

"Malama, duk mai riƙe da makullin nan yana iya ƙara layi a jerin nan. Yana kuma iya karanta wancan littafin."

"A'a," ta ce. "Na takunkumi, na yarda, wataƙila. Amma sauran nasa ne. Na san maganar yayana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, zan kasa gane bakinsa?"

"Rubutunsa na shekara goma sha ɗaya yana nan a ajiye. Wanda ya zauna ya karanta zai iya kwaikwaya, balle yanzu da ake ba inji ya yi." Ya nuna jerin da yatsa. "Kwanan watan da ke jikin fayil ba shaida ba ne, ana gyara shi. Kuna da kwafi na kafin rasuwar, wanda ba ya haɗe da waya?"

Akwai. Duk ƙarshen mako Yaya yakan kwafe sabar gaba ɗaya a faifai ya kulle a kabad ɗin ƙarfe. Na ƙarshe da ya yi da hannunsa kwana biyu ne kafin ya faɗi, ranar tana jiki da rubutunsa mai karkata. Auta ta san inda makullin yake. Ta daɗe a tsugune gaban kabad ɗin, faifan a hannunta. Ba aikinta take tunani ba a lokacin, ba kuma mutanen da aka kwashe sirrinsu ba, Allah ya yafe mata. Layi ɗaya tak take tunani. In yana cikin faifan nan, to duk abin da za a yi mata a yi.

Suka jona faifan a kwamfutar Baƙo wadda ba ta haɗe da komai. Ya buɗe tsohon jerin a allonsa ta hagu, na yanzu a allonta ta dama. Na hagu layi arba'in da ɗaya ne. Na dama arba'in da bakwai.

Baƙo ya miƙe. Ya ce bari ya je ya sanar da Manaja, don dole a cire sabar daga waya yanzu, a shirya sanar da mutanen da abin ya shafa. Ya nuna mata shuɗiyar wayar da ke bayan akwatin, ya ce ita ce, amma kada a kashe wuta, akwai shaidar da ake buƙata. Ya fita ya ja ƙofa a hankali. Mutumin kirki ne, ta san ba sanar da Manaja ne kaɗai ya fitar da shi ba.

Ta bi na hagu da yatsa tun daga sama. Batiri. Ƙurar fanka. Sabunta takardar shaidar shafi. Mai gyaran na'urar sanyi, a kira shi kafin zafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗakin. Ta kai ƙarshe ta sake dawowa sama, ta bi a hankali, tana motsa leɓe kamar mai koyon karatu. Ta bi sau uku. Arba'in da ɗayan nan duk aiki ne. A kwanaki takwas da ya yi yana fushi kafin kwafin nan, layi biyu ya ƙara, duka biyun a kan faifan ajiya ne.

Ta yi ƙoƙarin riƙe kwana biyun da suka rage, ta ce ai zai iya rubutawa bayan ya yi kwafin. Sai ta tuna a ina yake a kwana biyun: ɗaya hutu ne, ɗayan kuma bai kai ga ƙofar ɗakin nan ba. Ta duba rajistar shiga ta kwana biyun a saba, ba inda ta nuna ya shiga daga gida. Yaya ma bai taɓa yarda a shiga saba daga gida ba.

Wato wani ne, can wani wuri, ya zauna yana karanta kukanta kullum kamar labari, ya gane abin da take jira, ya ba ta. Ya bari ta yi mako guda tana murna, sannan ya nemi abin da yake so. Ba ta ji haushi ba tukuna. Kunya ta ji, da wani irin maraici sabo fil, ya fi na ranar da aka fita da Yaya.

Jan layi ya sake fitowa, minti goma sha ɗaya sun cika. Wannan karon amsar da ta dawo daga waje ta fi ta kullum tsawo. Auta na kallo, jerin dama ya motsa da kansa. Arba'in da takwas. Allonta ya yi ɗan ƙaran da ya saba, saƙon ya fito.

"Auta, kada ki bar baƙon nan ya taɓa min kaya. Kin tozarta ni sau ɗaya a gaban mutane. Kada ki ƙara."

Ta san ƙarya ce, shaida na gabanta hagu da dama, ita da kanta ta gaya wa ɓarawon an kawo baƙo. Amma abin da ya kashe mata jiki shi ne, wannan ya fi wancan kama da Yaya. Gajerun jimlolin, da rashin gaisuwar, da yadda ba ya roƙo. Da zai yi magana a kwanakin nan, haka zai faɗa. Wancan mai "ƙanwata" kuwa, yanzu ne ta lura, tunda take da shi bai taɓa kiranta haka ba.

Ta zagaya bayan akwatin. Iskar fanka mai ɗumi ta bugi fuskarta. Ta kama shuɗiyar wayar, ta tsaya a haka har ta ji takun Baƙo da Manaja a kan bene.

"Yaya, ka yafe min," ta ce, a fili, karo na farko da ta faɗa da baki.

Ta danna ɗan maƙalin ta zare. Koriyar fitila ɗaya ta mutu, sauran suka ci gaba da ƙyaftawa, fanka na ta gurnaninta kamar ba a yi komai ba. Ta dawo gaban allo ta zauna, wayar a cinyarta. Da suka turo ƙofa suka same ta tana kallon agogon Baƙo da ya bari a tebur. Minti goma sha ɗaya suka cika, suka wuce, ba abin da ya fito, ita kuwa ba ta daina jira ba.